Yadda za ka raba babban rumbun saƙonni ba tare da ka tsinka zaren hira ba

Ga tambayar da aka aiko: "Muna da tarin saƙonnin tattaunawa na ƙungiyoyi daban-daban tun daga 2006. Yanzu sun haura miliyan 30, duk a tebur guda cikin rumbun bayanai. Nema ya yi nauyi, ɗaukar kwafin ajiya kuma sai ya cinye dare. Ina so in raba shi ƙanana-ƙanana. Shekara-shekara zan yanka ko ƙungiya-ƙungiya? Kuma da wace manhaja?"

Ɗan'uwa, amsata a taƙaice ita ce ka yanka da lokaci, amma lokacin da aka buɗe zaren hira, ba ranar da aka rubuta kowane saƙo ba. Zan yi bayanin dalili a tsanake, domin a nan aka fi yin asara. Sai dai kafin mu kai can, ina so ka tabbatar cewa rabon ne maganin abin da ke damunka.

Saƙo miliyan 30 ba wani abin tsoro ba ne ga rumbun bayanai na zamani. A PostgreSQL, ɗaya daga manhajojin rumbun bayanai, tebur guda na iya kaiwa terabait 32, kuma a kan faifai ma manhajar da kanta tana yanyanka shi zuwa fayiloli masu gigabait ɗaya-ɗaya ba tare da ka sani ba. Fihirisar lambobin saƙo miliyan 30, wato jerin da injin ke bi ya gano layi da sauri, ba ta kai gigabait guda ba. Littafin jagorar PostgreSQL ya ba da ma'auni mai sauƙi: rabo yakan fara biyan wahalarsa ne idan girman tebur ya zarce RAM ɗin sabar da yake zaune a kai. Don haka fara da ɗauko tambayoyi biyar ko shida da suka fi yi maka nauyi, ka sa umarnin EXPLAIN ANALYZE a gaban kowace, ka karanta abin da injin yake yi. Galibi abu uku ake tararwa. Ko dai babu fihirisa a kan gurbin da ake nema da shi, ko ana buɗe shafi na dubu da OFFSET, wanda ke tilasta wa injin ya karanta duk layukan baya ya zubar kafin ya kawo ashirin ɗin da ake so, ko kuma ana laluben kalma da LIKE mai alamar kaso a gaba da baya, wanda fihirisa ta yau da kullum ba ta iya taimaka masa. Duk ukun nan rabo ba ya warkar da su. Tambayar da ke karanta tebur guda daga farko har ƙarshe, idan ka raba, za ta karanta tebur ashirin daga farko har ƙarshe, ka ƙara mata da wahalar haɗa sakamako. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kukanka na biyu, na kwafin ajiya, shi ne hujja mai ƙarfi. Saƙonnin 2009 ba sa canzawa, amma kowane dare kana kwafe su tare da na jiya. Idan an raba, kashin da ya rufe sai ka ɗauki kwafinsa sau ɗaya, ka gwada mayar da shi, ka adana, kullum kuma ka riƙa kwafar kashin da ake rubutu a ciki kawai. Haka nan idan wata rana aka yanke shawarar kawar da tsofaffin shekaru, goge layi miliyan biyu da DELETE aiki ne mai cin lokaci, ya cika kundin ma'amala, ya bar matattun layuka da sai VACUUM ya bi ya share. Cire kashi guda da DETACH PARTITION ko DROP kuwa kusan ƙiftawar ido ne. Akwai kuma ribar fihirisa: ta shekarar da ake ciki ƙarama ce, tana zama daram a RAM, alhali mafi yawan masu karatu sabon abu suke nema. Idan kwafin ajiya kaɗai ne matsalarka, ka duba kwafi na ƙari tukuna, wanda ke ɗaukar abin da ya canza kawai. Manhajar pgBackRest ta daɗe tana yin sa, PostgreSQL 17 da ya fito a 2024 kuma ya zo da nasa. Mai yiwuwa wannan ya ishe ka shekara biyu ko uku.

Abu uku ne mutane ke kira rabo, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce. Akwai raba tebur zuwa kashi-kashi a cikin rumbu ɗaya, inda manhajarka take ganin tebur guda, injin ne ya san inda kowane layi yake. Akwai raba shi zuwa fayiloli ko rumbuna masu zaman kansu, inda kai ne za ka riƙa tuna wa manhaja inda za ta leƙa. Sai rarrabawa a kan saba da yawa. Na ƙarshen nan ka manta da shi, girmanka bai kai can ba, kuma yana zuwa da ɗawainiyar da sai an ware mata ma'aikata. Na farkon nake ba ka shawara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: da wane gurbi za a yanka. Injin yana tsallake kashin da bai shafe shi ba ne kawai idan tambayar ta ambaci gurbin da aka yi rabon da shi. Idan ba ta ambata ba, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar kowane kashi. Ke nan zaɓin gurbi ya dogara da yadda ake karanta saƙonnin, ba yadda suka shigo ba.

Rabo ƙungiya-ƙungiya yana da daɗin faɗi, amma ƙungiyoyi ba sa zuwa da girma ɗaya. Ka ƙirga naka ka gani da GROUP BY: kusan tabbas ƙungiyoyi kaɗan ne suka kwashe mafi yawan saƙonnin, sauran ɗaruruwa kuwa 'yan tsiraru ne. Za ka tashi da tebur uku ko huɗu masu nauyin da kake gudu, da tarin ƙanana marasa amfani. Ga shi kuma babu kashin da zai taɓa rufewa muddin ƙungiyar na raye, ribar kwafin ajiya ta tafi.

Rabo da ranar saƙo shi ne abin da kowa ke fara yi, kuma matsalarsa ba ta bayyana sai an gama aiki. Mu ɗauki zare ɗaya mu duba shi da kyau. Wani ya yi tambaya ranar 29 ga Disamba 2014. Amsoshi uku suka shigo kafin shekara ta ƙare, wasu goma sha biyu a Janairun 2015, sannan a 2019 wani ya tono zaren ya ce shi ma abin ya same shi, ga yadda ya warware. Mai karatu yana danna take yana so ya ga duka goma sha bakwai ɗin a jere. Manhajarka ta aika tambaya da lambar zare kaɗai, domin ba ta san ranakun amsoshin ba. Injin ba shi da hanyar sanin cewa babu komai a 2007 ko 2022, dole ya buɗe fihirisar kowane kashi ya duba. Buɗe zare shi ne aikin da aka fi yi a irin wannan rumbu, sau dubbai a rana, kuma shi ne ka mayar mafi tsada.

Gyaran ba shi da wuya. Ka ƙara gurbi ɗaya a teburin saƙonni, ka sa masa suna kamar ranar_tushe, ka kwafa ranar saƙon farko na zaren a kan kowace amsa da ke cikinsa. Da wannan gurbin za ka yi rabo. Amsar 2019 ɗin nan sai ta tafi kashin 2014, ta zauna tare da tambayar da take amsawa. A gefe kuma ka riƙe ƙaramin tebur na zarurruka wanda ba a raba ba: lambar zare, ƙungiya, take, ranar farawa, ranar saƙon ƙarshe, adadin amsoshi. Idan aka danna zare, manhaja ta leƙa ƙaramin teburin ta ɗauko ranar tushe, ta saka ta cikin tambaya, injin ya nufi kashi ɗaya tak. Jerin "hirarrakin da aka taɓa kwanan nan" ma daga ƙaramin teburin zai fito, ba sai an taɓa babban ba.

Wannan tsari yana da farashinsa, kuma gara ka san shi tun yanzu. Tsohon kashi ba ya rufewa ruf, tunda amsa na iya faɗo masa bayan shekaru. Ko dai ka kafa doka cewa zaren da ya shekara biyu da buɗewa an kulle shi, ko ka sa alama a duk kashin da aka taɓa don a sake kwafarsa a daren. Ni na fi son dokar kullewa, domin ita ce ke ba ka kashi rufaffe na gaskiya. Sannan tambayar "kawo min duk saƙonnin watan jiya" ba za ta tsallake tsofaffin kashi da kanta ba. Idan kana da dokar kullewa, sai ka ƙara sharaɗin ranar tushe a tambayar, ta tsaya a kashi biyu ko uku.

Akwai yanayin da wannan shawara tawa ba ta aiki: idan hirar taku ba ta da zare, ɗaki ne kawai da ake ta zuba magana shekara da shekaru. A nan hanyar da dandalin hira na Discord ya bi ta fi dacewa. A ƙarshen 2015 saƙonninsu sun kai miliyan 100 a rumbun MongoDB, bayanan da fihirisar suka daina shiga RAM, sai suka koma wani rumbun mai suna Cassandra. Da suka raba da lambar ɗaki kaɗai, manyan ɗakuna suka kumbura fiye da kima, don haka suka haɗa lambar ɗaki da guntun lokaci na kusan kwana 10, don kowane kashi ya tsaya ƙasa da megabait 100. Daga baya sun ƙaura zuwa ScyllaDB da tsarin rabon nan. Abin lura shi ne sun zaɓi rabon ne daga yadda mutum ke karanta ɗaki: ya buɗe ƙarshensa, ya riƙa ja baya.

Tunda rana ce za ta yanke wa kowane zare mazauni, dole ka tantance ranar da za ka yarda da ita. Idan saƙonninka ta imel suka shigo, ranar da ke rubuce a kan saƙo daga agogon mai aikawa take, kuma a tsohon rumbu za ka ga abin mamaki: saƙonni masu ranar 1 ga Janairu 1970, wadda ita ce sifilin agogon Unix, da wasu masu shekarar da ba a kai ba tukuna. Yi amfani da lokacin da sabarku ta karɓi saƙon idan an adana shi, ka bar na mai aikawa a gurbinsa don nunawa kawai. Mayar da komai zuwa UTC, agogon bai-ɗaya na duniya. Wajen rubuta iyakar kashi ka saka +00 a fili, domin idan ka rubuta rana zalla a gurbi mai la'akari da yankin lokaci, PostgreSQL zai fassara ta da yankin zaman da kake ciki, iyakar ta goce da awa ɗaya ko fiye ba ka sani ba. Ka tuna kuma a PostgreSQL iyakar farko tana ciki, ta ƙarshe tana waje: daga 1 ga Janairu 2014 zuwa 1 ga Janairu 2015 shi ne kashin 2014 cif.

Haɗa zarurrukan ma sai an gama shi kafin a fara kwashe kaya. A tsarin imel, wanda kundin ƙa'ida RFC 5322 na 2008 ya fayyace, kowane saƙo yana da Message-ID, amsa kuma tana nuna uwarta ta In-Reply-To da References. Tsofaffin manhajoji da yawa ba su cika waɗannan daidai ba, don haka za ka samu amsoshi marayu, waɗanda saƙon da suke amsawa ya ɓace. Kada ka ƙirƙiro dabara sabuwa. Hanyar da Jamie Zawinski ya tsara wa manhajar imel ta Netscape, wadda RFC 5256 ya ɗora a kanta, ta riga ta san yadda ake ajiye gurbin uwar da ba a gani ba, a rataya 'ya'yanta a kai. Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan wannan shi ne, idan daga baya ka gano zare biyu ashe ɗaya ne, ranar tushe za ta canza, layuka su tashi daga wani kashi zuwa wani. PostgreSQL yana yin hakan tun siga ta 11, amma kashin da ka ɗauka ya rufe ya sake buɗewa ke nan.

Ga wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki. A PostgreSQL da MySQL duka, babban mabuɗin tebur da aka raba, da duk wata dokar hana maimaici, dole su ƙunshi gurbin rabon. Mabuɗinka zai zama lambar saƙo haɗe da ranar tushe. Ma'anarsa, injin ba zai hana saƙo ɗaya ya shiga kashi biyu da ranaku daban ba. Idan kana shigo da kaya daga majiya fiye da ɗaya, inda saƙo guda kan zo sau biyu, ka yi siririn tebur wanda ba a raba ba, mai gurbi uku: shaidar saƙon ta asali da dokar hana maimaici a kanta, lambar saƙo, da ranar tushe. Shi zai tare maimaici, shi kuma zai amsa wa duk wanda ya zo da tsohon adireshi mai lambar saƙo kaɗai. Kada ka sake wa saƙonni lamba wajen ƙaura ko da wasa, domin mutane sun shekara fiye da goma suna kafa hujja da waɗannan lambobin a wurare da ba ka sani ba. Tunda ma kana sake gini, mayar da gurbin lambar zuwa mai bit 64. Mai bit 32 yana tsayawa a 2,147,483,647, kuma canza shi daga baya a babban tebur aiki ne mai ɗaci.

Girman kashi ba lallai ya zama daidai wa daida ba. Idan shekarun farko ba su da yawa, haɗa 2006 zuwa 2010 a kashi guda, shekarun da aka fi zuba magana ka yi musu shekara-shekara ko wata uku-uku. Kashi 20 zuwa 40 ya wadatar da kai. Kada ka yi na kullum-kullum: za ka tashi da wajen 7,000, MySQL kuma yana tsayawa a 8,192, PostgreSQL ma yawan kashi yana ƙara masa lokacin tsara tambaya da cin RAM. Kashin tara-gurbi, wato DEFAULT, inda layin da bai dace da kowane kashi ba yake faɗawa, yana da amfani don kada saƙo mai baƙuwar rana ya sa shigarwa ta faɗi, amma ka riƙa leƙa shi. Idan ka manta ba ka buɗe kashin sabuwar shekara ba, saƙonni za su taru a can, ranar da ka zo buɗewa injin zai ƙi har sai ka kwashe su. Ƙarin manhajar pg_partman yana buɗe kashi tun kafin lokacinsa ya zo.

Game da manhaja, idan kana da zaɓi, PostgreSQL. Rabo na kai-tsaye ya shigo masa a siga ta 10 a 2017, siga ta 11 ta kawo babban mabuɗi da kashin tara-gurbi, ta 12 ta yarda wasu tebur su jingina da teburin da aka raba, ta 14 a 2021 ta kawo cire kashi ba tare da tsayar da masu aiki ba. MySQL ya riga shi samun rabo tun siga ta 5.1, amma da sharuɗɗa biyu da suka shafe ka kai-tsaye: teburin InnoDB da aka raba ba ya karɓar mabuɗin jingina (foreign key, mai ɗaure tebur da wani tebur), kuma ba ya karɓar fihirisar FULLTEXT ta laluben kalma. Rumbun saƙonni da ba a iya laluben kalma a cikinsa rabin amfaninsa ya tafi, don haka a MySQL sai ka kai laluben waje, zuwa OpenSearch ko Manticore. Ko a PostgreSQL ka sani cewa laluben kalma zai bi fihirisar GIN ta kowane kashi, sai dai idan mai nema ya taƙaita shekara. Idan kuwa rumbun ya riga ya rufe, rabawa ga masu bincike kawai ake so, fayil ɗin SQLite guda ga kowace shekara tare da FTS5, abin laluben kalmarsa, tsari ne mai kyau. Iyakarsa ita ce ATTACH yana haɗa rumbu 10 ne a lokaci guda a saitin asali, ba ya wuce 125 ko an sake harhaɗa shi.

Ranar ƙaura, kada ka taɓa tsohon teburin. Fara da kwafin ajiya wanda ka mayar a wata na'ura ka ga ya tashi da idonka, a can za ka yi gwajin farko gaba ɗaya. Gina sabon tebur a gefe, ka riƙa kwasowa da tazarar lamba, layi 20,000 zuwa 50,000 a kowane zagaye, kana rubuta lambar da ka tsaya a wani ɗan tebur, don idan aiki ya katse ka ci gaba daga nan. Bar fihirisa sai an gama lodi, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Abubuwan da aka maƙala wa saƙo, hotuna da takardu, ka fitar da su zuwa fayiloli, ka bar adireshinsu kawai a tebur. Wani lokaci wannan kaɗai yakan rage nauyin fiye da yadda rabon zai rage. Tsofaffin saƙonni da suka zo da tsarin haruffa iri-iri ka juya su zuwa UTF-8, amma ka adana ainihin saƙon yadda ya zo a matse, domin juyin yakan ɓata wasu kuma ba a ganewa sai wani ya yi ƙorafi. A MySQL utf8mb4 za ka zaɓa, tsohon utf8 ɗinsu yana tsayawa a bait uku, ba ya ɗaukar emoji. Da ka gama, ƙirga layuka shekara-shekara a tsoho da sabo, ka kwatanta jimillar zanen yatsan rubutun da md5, ka buɗe zarurrukan da suka tsallaka shekara da hannu ka karanta. Sannan ka dakatar da rubutu na 'yan mintuna, ka kwaso ragowar, ka musanya sunayen tebur biyun cikin ma'amala ɗaya. Tsohon ya zauna makonni kafin ka goge shi.

Abu biyu da ake mantawa bayan an gama. Wata rana wani zai nemi a cire duk abin da ya taɓa rubutawa, kuma saƙonninsa suna warwatse a kowane kashi, har da waɗanda ka kwafa ka ajiye da sunan sun rufe. Ka sa fihirisa a kan marubuci, ka kuma riƙe jerin abin da aka goge, don duk ranar da aka mayar da tsohon kwafi a sake bi a cire su. Na biyu, a PostgreSQL mai sharar atomatik (autovacuum) yana sabunta ƙididdigar kowane kashi, amma ba ya yi wa teburin uwa, wato babban da ya haɗa su duka. Sai ka sa ANALYZE a kanta da hannunka bayan lodin, ka kuma saka shi cikin ayyukan da ke gudana duk mako, in ba haka ba tambayoyin da ke haɗa saƙonni da teburin zarurruka za su riƙa samun gurɓataccen tsari ba ka san dalili ba.